Kiɗa a Kunnen Mai Na'urar Ji

Ranar hawan salla a Damagaram, in ka taso daga Kara-Kara ka nufi Birni, tun kafin ka kai ƙofar fada kunnenka ya gaya maka komi. Ga tambari, ga kakaki, ga algaita. Ba ka gan su ba, amma ka rarrabe su. To, yaron da sanƙarau ya mayar kurma fa? Ko zai sake jin kiɗan nan?

A can cikin kunnenka akwai wani ƙaramin wuri mai kama da katantanwa. A cikinsa akwai ƴan ƙananan gashi wajen 3,500 masu kai sauti ga jijiyar ji. In ciwo ya kashe su, ba sa sake fitowa.

Likitoci sun samo dabara. Suna yin aiki su zura siririyar waya cikin katantanwar. Ana rataya wata ƴar na'ura a bayan kunne, ta ɗauki sauti ta aika wa wayar, ita kuma ta taɓa jijiya. A shekarar 1978 wani likita, Graeme Clark, ya dasa irinta a ƙasar Ostareliya. Aikin yana da tsada, sai a manyan asibitoci, kuma ba kowane kurma ya dace da shi ba.

Wayar nan tana taɓa jijiya a wurare 12 zuwa 22 ne kawai. Ka ga 22 ba ta kai 3,500 ba. Shi ya sa mai na'urar yakan ji bugun ganga sosai, har ya taka rawa daidai. Amma hawa da saukar sauti suna ba shi wuya. Goge da algaita sukan yi masa kama da juna. Kalangu kuwa da hawa da sauka yake magana, don haka zai ji bugun, kirarin ya wuce shi. In makaɗa sun yi yawa, sai abin ya zama hayaniya.

Duk da haka, kunne yana koyo kamar yadda kake koyon karatu, harafi bayan harafi. A fara masa da abin kiɗa ɗaya, a wuri marar surutu. A bar shi ya ga hannun makaɗi. A maimaita masa waƙar da ya sani tun kafin ciwon. Sannu-sannu zai ƙara ganewa, ya ji daɗi.

In yaronka ya tashi daga sanƙarau, ka kira shi ta baya. In bai waiwayo ba, kai shi asibiti da wuri, don katantanwar tana iya toshewa da ƙashi, wayar ta kasa shiga.

Tambayoyi
1. Me ya sa mai na'ura ya fi jin ganga?
2. Yaya za ka taimaka masa ya ji daɗin kiɗa?