Me ya sa taki ya ƙone mini salati?

Tambaya: Ina da ɗan lambu a Gamkalle, bakin kogi. Bana na zuba kashin kaji a fangali, sai salatin ya yi ɗorawa, wani ma ya bushe. Ba an ce takin gargajiya ba ya cutarwa ba?

Amsa: Malam, ɗanye ka zuba shi. Kashin kaji ya fi na shanu da na tumaki zafi, kuma idan bai ruɓe ba, gishirin da ke cikinsa da tururinsa mai hawa hanci su ne ke ƙone saiwar shuka. Taki sai ya nuna, kamar tuwo.

Kada dai wannan ya sa ka koma ga buhun 15-15-15 kaɗai. Yawancin ƙasar Yamai jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe abinci. Ka watsa takin zamani, ban ruwa ya gangara da wani sashensa ƙasa. Ruɓaɓɓen taki ne ke ba ta jiki. Binciken da aka daɗe ana yi a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, ya nuna takin zamani ya fi amfani idan an haɗa shi da na gargajiya.

Ga yadda za ka ruɓar da takin: ka haƙa rami a inuwa, zurfinsa kada ya wuce mita 1. Rami ya fi tsibi a wurinmu, domin zafin Afrilu da iskar hunturu kan busar da tsibi kafin ya soma ruɓewa. Shimfiɗa yankakken karan gero a ƙasa, ka bi da kashin dabbobi (ana samunsa a kasuwar Turaku), sai ɗanyen ganye da ragowar kabeji, ka yayyafa ruwa, ka sake wani hawa har ramin ya cika. Ganyen dogon yaro ma yana shiga. Toka kaɗan ta isa, yawanta na korar ƙarfin taki. In ka samu garin fosfat na Tawa ka barbaɗa, don ƙasarmu na da ƙarancin wannan sinadari.

Ruwa ne inda aka fi kuskure. Ka damƙi takin ka matse: hannu ya jiƙe, amma kada ruwa ya zubo. Ka rufe da tsohuwar tabarma, ka soka sanda a tsakiya. Bayan 'yan kwanaki in ka zaro ta da zafi, aiki ya kankama. Zafin nan kan kai digiri 60, shi ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Ka riƙa juyawa duk bayan kwana 15.

Sharar bola kuwa, wadda masu amalanke ke kaiwa lambuna, sai ka tsince leda da kwalba, musamman tsofaffin batura, don gubarsu na iya shiga ganyen da za a ci ɗanye.

Cikin wata 2 zuwa 3 takin zai yi baƙi, ya yi laushi, warin ya tafi. Ka cuɗa kilo 20 zuwa 30 a fangali mai murabba'in mita 10, ka yi ban ruwa, ka jira mako guda kafin dashe.