Bayan Biki: Nauyin da Ya Dace da Jikinka

Bukukuwan Kirsimeti da Sabuwar Shekara sun wuce. An ci shinkafa da soyayyen nama, an tauna cincin, an sha lemun kwalba a gidajen dangi da maƙwabta. Yanzu ga shi wando ya ƙi rufuwa, zane ya fara gajarta. Darasinmu na wannan fitowa shi ne yadda mutum zai san nauyin da ya dace da shi, da yadda zai koma gare shi ba tare da cutar da kansa ba.

Me ya sa za mu damu?

A shekarar 2000 an buga wani bincike da aka yi a Amurka a kan mutum 195. An gano cewa abin da suka ƙara a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara bai kai rabin kilo ba a matsakaici, amma wannan ɗan ƙarin bai sauka ba har shekara ta zagayo. A nan haɗarin yake. Rabin kilo kowace shekara, cikin shekara 20 ya zama kilo 10, kuma ƙiba tana buɗe wa hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa ƙofa.

Yadda ake lissafi

Likitoci suna amfani da ma'aunin da ake kira BMI, wanda ya samo asali daga aikin Adolphe Quetelet, wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, a ƙarni na 19. Ka auna tsawonka da mita, ka ninka shi da kansa, sa'an nan ka raba nauyinka na kilo da abin da ka samu.

Misali, mai tsawon mita 1.70 zai ninka 1.70 sau 1.70, ya sami 2.89. Idan nauyinsa kilo 81 ne, ya raba 81 da 2.89, amsa ita ce 28. Bisa ga Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai ne. 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa. 30 zuwa sama ƙiba ce mai bukatar kulawa. Ashe wannan ɗan'uwa ya zarce, domin nauyin da ya dace da tsawonsa yana tsakanin kilo 54 da 72.

Akwai awo na biyu mai sauƙi. Ka ari tef na tela ka auna cikinka dab da saman cibiya. Kada ya kai rabin tsawonka. Mai santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85. A lura, waɗannan awo ba na yara ba ne, ba kuma na mata masu juna biyu ba.

Yadda ake ragewa

Sannu ba ta hana zuwa. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa. Ko kilo 4 kaɗai ɗan'uwan nan ya sauke, wato kashi 5 cikin 100 na nauyinsa, jininsa da sugansa za su amfana.

Uwargida, ki riƙa auna mai da cokali, kada ki tsiyaya daga galan. Maigida, kwalbar lemo guda tana iya ɗauke da suga kusan ƙaramin cokali 9. Ka maye gurbinta da ruwa. A rage malmalar tuwo, a ƙara ganye da wake. A yi tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako. A guji shayin rage ƙiba da ake talla, da horar da ciki da yunwa. Mai ciwon suga ko hawan jini ya fara ganin likita.

Biki kwana kaɗan ne, amma jikin nan da shi za mu yi noma, mu yi reno, mu yi hidima dukan shekara.

Tambayoyi domin iyali

1. Kowane babba ya lissafa nasa ma'aunin. Me ya samu?
2. Wane abu guda za mu rage a teburinmu daga wannan mako?
3. Wa zai raka wa tafiyar safe?