Haƙƙin Daji a Wuyan Masu Masana'antar Takarda

Kayen da ɗanmu yake ɗauka zuwa makaranta da takardar da ake buga littattafanmu a kanta, mafi yawansu daga icce suka fito. Ana sare itatuwa, a niƙa su, a dafa har su zama ɓargo mai laushi, sannan a shimfiɗa shi ya bushe. Don haka ya kamata mu san halin da dazuzzukan suke ciki.

Mu ɗauki misalin Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi. A tsibirin Sumatra, kamfanonin takarda da na manja sun share daji mai faɗi, sun janye ruwan dausayi domin su dasa itatuwan kasuwa. Ƙasar dausayi idan ta bushe tana cin wuta har ƙarƙashinta. A shekarar 2015 gobara ta cinye kimanin hekta miliyan 2.6 a ƙasar, hayaƙi ya kai Malesiya da Singafo, aka rufe makarantu, yara da tsofaffi suka kamu da ciwon ƙirji. A 2016 Majalisar Malamai ta Indonesiya ta ba da fatawa cewa ƙona daji da ke jawo ɓarna haramun ne.

Tun a 2013 kamfanin Asia Pulp & Paper ya sanar cewa zai daina share dajin asali. Wannan magana ce mai kyau, amma alƙawari kaya ne, ba a yaba wa mai shi sai an ga ya sauke. Shi ya sa ake buƙatar masu bincike na waje, kamar ƙungiyar FSC da aka kafa a 1993, wadda take sa tambarinta a kan takardar da aka tabbatar da asalinta.

Darasinmu shi ne: haƙƙin farko da ke kan kamfani shi ne barin cutarwa. Idan ya gina asibiti bayan ya ƙwace gonar talaka kuma ya gurɓata masa ruwa, bai fita daga zalunci ba. Mayar da haƙƙi yana gaba da sadaka. Allah Ya hana ɓarna a bayan ƙasa, kuma hadisi ingantacce ya nuna dashen icce sadaka ce ga mai shi.

Mu da muka ga fari na 1984, mun san abin da rashin icce yake haifarwa. Saboda haka kada mu yi almubazzaranci da takarda, mai sana'ar itace a cikinmu ya bar gawo da ƙananan tsiro su girma, wanda ya sare ɗaya kuwa ya dasa wani. Allah Ya sa mu cika amana. Amin.