Idan Kwamfuta Mai Tsari Biyu Ta Ƙi Tashi

Tun ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye kulawar da ya saba yi wa Windows 10, ga shi kuwa tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Saboda haka waɗansu malaman ofis su kan ƙara wa kwamfuta tsarin aiki na biyu, watau Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, su bar Windows yana nan gefe guda. Wannan dabara ba ta da laifi. Amma wani lokaci, bayan an gama, sai a kunna kwamfuta ta ƙi kaiwa ko'ina, ko kuwa ta riƙa shiga tsari ɗaya kaɗai, ɗayan ya ɓace.

Abin da ya kamata hakimi ya sani tun da fari shi ne, galibi takardun ofis suna nan daram. Wasiƙu, da takardun filaye, da na rabon gado, ba abin da ya taɓa su, hanyar zuwa gare su ce ta toshe. Don haka kada hakimi ya yarda magatakarda ya kai kwamfutar wurin mai gyara a goge ta a sake zubi. Wannan gogewa ita ce ta kan hallaka aikin shekaru.

Ga yadda abin ya ke. Faifan ajiya na kwamfuta kamar gida ne da aka raba sassa biyu, amma zaure ɗaya. A zauren akwai wata ƙaramar manhaja, ana ce da ita manhajar tayarwa, aikinta ta nuna wa kwamfuta sashen da za ta shiga. Ta Windows sunanta Windows Boot Manager, ta Linux kuwa GRUB. GRUB ya iya nuna hanyar sassan duka biyu, amma ta Windows ba ruwanta da kowa sai nata. Shi ya sa a kan fara zuba Windows, sa'an nan Linux ya biyo baya.

Hanyoyin tayarwa kuma iri biyu ne, wanda bai rarrabe su ba kuwa zai sha wuya a banza. Tsohuwar, wadda a ke kira BIOS, ta dogara ga wani ɗan gurbi mai bayit 512 a farkon faifai. Manhaja ɗaya kaɗai ya ke ɗauka, wadda ta zo daga baya ta kori ta farko. Sabuwar, watau UEFI, tana da wani ƙaramin yanki a faifai inda kowane tsari ya ke ajiye tasa manhajar, kwamfuta kuwa tana riƙe da jerin wadda za ta fara kira. Windows 11, wanda ya fito a 2021, ta sabuwar hanya a ke zuba shi. Wanda ya ke so ya san wadda kwamfutarsa ta ke bi, sai ya buɗe msinfo32 a cikin Windows ya duba layin da aka rubuta BIOS Mode. In ya ga UEFI sabuwa ce, in ya ga Legacy tsohuwa ce.

To, idan kwamfuta ta riƙa wucewa Windows kai tsaye, ba ta tambayi kowa ba, kada a ce Linux ya goge. A sabuwar hanya yawanci jerin ne ya juya, ya kan faru kuwa bayan Windows ya yi wata babbar sabuntawa. Da an kunna, sai a yi ta danna maɓallin zaɓi, F12 a kwamfutocin Dell da Lenovo, F9 a na HP. Jeri zai fito, a zaɓi sunan ubuntu. In ya shiga lafiya, sai a koma saitin kwamfutar a ɗora shi bisa kan jerin. A tsohuwar hanya aikin ya fi haka, gama an kori GRUB daga gurbinsa. Tilas a tayar da kwamfutar da filashin da aka zuba Linux da shi, a sauko da manhajar Boot-Repair daga intanet, ta mayar da shi. Saboda haka filashin nan ba na aro ba ne, a aljihun teburin ofis ya kamata ya zauna.

Wani lokaci kuwa GRUB ya kan fito, amma ba sunan Windows a jerinsa. Tun daga GRUB 2.06, na 2021, aka kashe ɗan aikin da ke neman sauran tsare-tsare a faifai, sai wanda ya so ya kunna. Ana buɗe takardar /etc/default/grub a rubuta GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, sa'an nan a ba da umurnin sudo update-grub. In an yi haka Windows bai fito ba, mai yiwuwa an gauraya hanyoyin ne, Windows ta sabuwa, Linux ta tsohuwa. GRUB da ya tashi ta hanya ɗaya ba ya iya kiran Windows na ɗaya hanyar. Kuskuren tun ranar zubi ya ke aukuwa, domin filashi ɗaya ya kan fito sau biyu a jerin zaɓi, mai gaggawa ya danna wanda ba a rubuta UEFI a jikinsa ba. Magani mafi sauƙi shi ne a kwashe takardun da ke sashen Linux, a sake zuba shi ta hanyar da ta dace.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne baƙin allo da aka rubuta grub rescue> a kansa. Yawanci wani ne ya gaji da Linux, ya shiga Windows ya share yankinsa, bai san sauran jikin GRUB a can ya ke ba. Windows lafiyarsa ƙalau. A sabuwar hanya sai a danna maɓallin zaɓi, a zaɓi Windows Boot Manager, a mai da shi kan jeri. A tsohuwar hanya sai a tayar da filashin zuba Windows, a bi ta wajen gyara, kada a bi ta wajen zubi, a buɗe allon umurni a rubuta bootrec /fixmbr.

Akwai wuri ɗaya inda takardu za su iya salwanta da gaske, a nan ne ya wajaba hakimi ya sa ido da kansa. Kwamfutoci da yawa masu Windows 11 su kan zo faifansu a kulle da BitLocker, mai kwamfutar ma bai sani ba. Idan aka taɓa saitin tayarwa, Windows ya kan tsaya ya nemi lambar buɗewa mai alƙaluma 48. In an buɗe kwamfutar da asusun Microsoft, akwai kwafin lambar a cikin asusun. In babu ta ko'ina, ba gwanin da zai iya fito da abin da ke ciki. Lalle ne tun kafin a fara zuba tsari na biyu a nemo lambar, a rubuta ta da alƙalami a takarda, a karanta wa wani ya gwada, hakimi ya ajiye ta inda ya ke ajiye hatiminsa. Har wa yau a kwafe muhimman takardu a wani faifai dabam.

Saitin da a kan fi taɓawa shi ne Secure Boot, wanda ya yaɗu tun zamanin Windows 8, a 2012. Aikinsa ya hana duk manhajar tayarwa da ba ta da sa hannun da aka amince da shi. A watan Agusta na 2024 wata sabuntawar Windows ta sa kwamfutoci masu tsari biyu da dama suka ƙi tayar da Linux, allo yana cewa an keta dokar tsaro. Abin da aka yi shi ne aka kashe Secure Boot na ɗan lokaci, aka shiga Linux aka sabunta shi, aka share alamar hanin, sa'an nan aka mai da tsaron. Amma fa lambar BitLocker tana hannu kafin a fara.

Sauran biyu ƙanana ne. Idan Linux ya ƙi yarda a rubuta kome a sashen Windows, dalili shi ne Windows bai mutu sarai ba, barci ya yi don ya tashi da sauri. Kada a tilasta masa, takardu na iya lalacewa. A koma Windows a ba da umurnin powercfg /h off da izinin mai kula da kwamfutar, sa'an nan a kashe ta.

Sai batun agogo. Linux yana ajiye lokacin Girinic a agogon kwamfuta, Windows kuwa ya ɗauka lokacin gida ne. Tun da ya ke Nijeriya da Nijar suna gaban Girinic da awa guda, magatakarda ya kan fito daga Linux ya tarar agogon Windows yana nuna ƙarfe tara, alhali goma ta yi. A Gana ba a ganin wannan, gama lokacinsu daidai ya ke da na Girinic. Gyaransa layi ɗaya ne a cikin Linux, watau timedatectl set-local-rtc 1, daga nan a daidaita agogon Windows sau ɗaya.