Ɗakin Karatu Na Gari: Darasi Daga Sharaɗin Carnegie

Wuraren da a ke tara littattafai iri uku ne, ya kamata mu rarrabe su tun da fari don kada zance ya rikice mana. Akwai na mutum guda, kamar yadda malami ya kan adana littattafansa cikin gafaka da adaka, ba mai taɓa su sai shi da almajiran da ya amince da su. Akwai na makaranta, wanda yaro ke amfani da shi muddin sunansa na cikin rajista, ran da ya fita kuwa ya rabu da shi ke nan. Na uku shi ne na gari, wanda yanzu a kan ce da shi laburare, shi ne kuwa abin nazarinmu.

Alamu uku a ke gane ɗakin karatu na gari da su. Da kuɗin jama'a a ke riƙonsa, watau daga haraji. Ƙofarsa a buɗe ta ke ga kowa, sarki da talaka, namiji da mace, yaro da babba. Sa'an nan ba a biyan ko anini kafin a karanta ko a ari littafi. In ɗaya daga cikin ukun nan ta ɓace, to, ko da ginin ya kai fada kyau, bai zama na gari ba tukuna.

ASALIN ABIN

Wannan tsari bai daɗe a duniya ba kamar yadda littattafai suka daɗe. Cikin shekarar 1850 majalisar Ingila ta yi doka, ta yarje wa garin da ya kai mutum 10,000 ya ɗora rabin kwabo bisa ko wace fam ta ƙimar gidaje don a kafa ɗakin karatu, in kashi biyu cikin uku na masu biyan harajin da suka jefa ƙuri'a sun yarda. Abin mamaki, dokar ba ta yarda a sayi littattafai da kuɗin nan ba, sai dai a jira masu kyauta. Sai a 1855 aka ƙara ya zama kwabo, aka kuma yarda a sayi littattafai. Duk da haka garuruwa kaɗan suka karɓa, gama kwabon ba ya isa a yi gini. Mutumin da ya zo ya kau da wannan cikas sunansa Andrew Carnegie.

ƊAN MASAƘI

An haifi Carnegie a 1835 a garin Dunfermline, cikin ƙasar Sikotilan. Ubansa masaƙi ne, da injunan saƙa suka kashe masa kasuwa sai ya kwashi iyalinsa suka yi ƙaura zuwa Amurka a 1848, suka sauka a Allegheny, kusa da Pittsburgh. Yaron yana ɗan shekara 13 ya shiga aikin masaƙa, ana biyansa dala 1 da santi 20 a mako, daga baya ya zama ɗan aike a gidan waya. Makaranta kam ta riga ta ƙare masa.

A garin akwai wani mutum, Kanar James Anderson, wanda ke da littattafai wajen 400. Ko wace Asabar sai ya buɗe ɗakinsa ga yara ma'aikata, kowa ya ɗauki littafi guda ya tafi da shi gida, wata Asabar ya komo da shi ya ɗauki wani. Da wannan aro Carnegie ya ci gaba da karatunsa. Ya girma ya zama babban attajirin ƙarfe, har a 1901 ya sayar da kamfaninsa a kan dala miliyan 480. Bai manta da ɗakin Anderson ba. Tsakanin 1883, da aka buɗe na fari a garinsu Dunfermline, zuwa 1929, an gina ɗakunan karatu 2,509 da kuɗinsa. Daga cikinsu 1,689 a Amurka su ke, 660 a Birtaniya da Ailan, 125 a Kanada, sauran kuwa a wasu ƙasashe, har da Afirka ta Kudu.

SHARAƊIN

Yawan gine-ginen nan abin yabo ne, amma darasinmu yana cikin yadda aka ba da su. In gari ya rubuta yana roƙo, sakatarensa James Bertram ya kan aika da tambayoyi: mutum nawa ne a garin, akwai wani ɗakin karatu, ina za a yi ginin? In an gamsu, sai a yi lissafin kuɗin gini bisa yawan jama'a, kamar dala 2 a kan ko wane mutum. Sa'an nan a gindaya sharaɗi. Garin ne zai ba da fili. Garin zai yi alkawari a rubuce, ko wace shekara zai fitar da ushirin kuɗin ginin daga haraji, watau kashi ɗaya cikin goma, don albashin ma'aikata da sayen littattafai da gyare-gyare. Kuma karatu kyauta ne.

Mu ɗauki misali. In an ba gari dala 10,000, to, ya ɗaure wa kansa dala 1,000 ko wace shekara. Cikin shekara 10 ya biya daidai da abin da aka ba shi, bayan haka ma ba a daina ba. Ashe mai kyautar ya fi garin samun sauƙi, gama shi sau ɗaya ya biya.

Me ya sa ya yi haka, alhali yana da ikon biyan duka? Ku tuna da wanda aka ba doki kyauta. Ran da aka ɗaure masa shi a turke, ran nan hidima ta soma: harawa, da dawa, da kanwa, da yaron da zai kula da shi. In ba zai iya ba, kafin damina ta zagayo dokin ya zama ƙashi da fata. Carnegie ya lura abin da mutane ba su sa kuɗinsu a ciki ba, ba su kan ɗauke shi nasu ba, abin da ba na kowa ba kuwa ba mai share shi.

INDA ABIN YA GAZA

Kada mu zaci kome ya tafi daidai. Wasu garuruwa sun ƙi karɓa don tsoron ƙarin haraji. Wasu kuma sun ƙi don fushi, gama a 1892 ma'aikatan masana'antarsa ta Homestead sun yi yajin aiki, aka yi faɗa har aka rasa rayuka. Saboda wannan ƙungiyoyin ma'aikata na garin Wheeling suka tashi tsaye a 1904, aka jefa ƙuri'a, kyautar ba ta sami shiga ba.

A kudancin Amurka kuwa, inda a ke wariyar launi a zamanin nan, an hana baƙar fata shiga yawancin ɗakunan, Carnegie bai matsa a buɗe musu ba. Abin da ya yi sai ya ba da kuɗi aka gina musu nasu dabam a wasu garuruwa, kamar na Louisville wanda aka buɗe gininsa a 1908. Ɗakin da ke korar wani sashe na mutanen gari ya rasa alama ta biyu, ko da an rubuta a bisa ƙofarsa kyauta ne.

Gazawa ta uku ita ta fi shafarmu. Cikin 1915 hukumar da Carnegie ya kafa don rabon dukiyarsa ta aiki wani masani, Alvin Johnson, ya zaga ya dubo ɗakunan. Ya tarar ginin da kyau, amma a wurare da yawa aikin ba ya tafiya. Wasu garuruwa ba su cika alkawarin ushirin ba, wasu kuma sun ɗora wa aikin mutumin da bai koye shi ba, wanda ya ɗauka aikinsa gadi ne. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. A 1917, ana cikin yaƙi, hukumar ta daina yin sabon alkawarin gini, daga baya ta juya kuɗinta wajen horad da masu kula da littattafai. Watau bayan shekara talatin da wani abu ana gini, aka gane mutumin da ke ciki ya fi bangon muhimmanci.

AIKIN ƊAKIN A CIKIN GARI

To, mene ne mutumin nan zai yi wa garinsa? Aikinsa na fari shi ne ya hana karatu yin tsatsa. Wanda ya koyi haɗa baƙi a makaranta ko a ajin manya, in ya yi shekaru bai sami abin karantawa ba, karatun ya kan gudu, wahalar malaminsa da kuɗin da aka kashe duk sun tafi a banza. Makaranta shuka ta ke yi, ɗakin karatu shi ke ban ruwa.

Na biyu, ya haɗa mai bukata da abin da ya ke bukata. Manomi na son sanin ciwon da ya kama masa gyaɗa, tela na neman sabon yanka, mai jego na son bayanin abincin jariri, saurayi na shirin jarrabawa ba shi da kuɗin littafi. Littafi guda wanda mutum ɗaya ba zai iya saye ba, in gari ya saya mutum ɗari sa karanta.

Na uku, yara. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, saboda haka ɗakunan Carnegie da yawa suka keɓe wa yara sashensu. Sun kuma taimaka wajen yaɗa al'adar barin mutum ya shiga tsakanin kantoci ya zaɓi littafi da hannunsa, maimakon ya tsaya a bakin tebur ya roƙa a ɗauko masa.

Na huɗu, ya adana tarihin garin: tsofaffin jaridu, da hotuna, da rubuce-rubucen ajami waɗanda gara ke ci a ɗakunan magada. Na biyar, ya zama wurin zama mai haske da shiru ga wanda gidansu ba wuri. A yau ɗakuna da yawa sun ƙara da kwamfuta da intanet. Wani ya ce wayar hannu ta wadatar. Amma waya na cin kuɗi kullum, ba ta kuma rarrabe wa mai ita gaskiya da ƙarya, mai kula da littattafai wanda ya san aikinsa kuwa ya kan nuna masa inda zai bincika.

A ƘASARMU

Kuɗin Carnegie sun iso Nijeriya, darasin kuma ya maimaita kansa. A 1932 aka buɗe ɗakin karatu a Ikko da taimakon hukumarsa, amma sai an biya kuɗin shiga, saboda haka Turawa da 'yan masu hali kaɗan suka amfana. Daga baya hukumar ta ba da kuɗi aka kafa makarantar koyon wannan aiki a kwalejin Ibadan, ta soma ɗaukar ɗalibai a 1960.

A Arewa kuwa, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu hukumomin En'e sun buɗe ɗakunan karatu a manyan garuruwa, musamman don jama'a su ji labarin yaƙi. Nan mutane su kan sami Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka soma bugawa a Zariya a 1939. Amma yawancin littattafan na Turanci ne, ba su dace da masu zuwa ba, masu tsaron ɗakunan ba a horad da su ba, kuɗin riƙon kuwa bai taka kara ya karya ba. A 1952 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa babban ɗakin karatu a Kaduna, wanda ya riƙa aika akwatunan littattafai zuwa larduna, yana kuma koya wa masu tsaron ɗakunan aiki. Bayan da aka yanka jihohi a 1967, aikin ya koma hannun jihohi. Duk inda kuka ga ɗakin karatu da ƙofa a garƙame, ko littattafai sun sha ƙura ba a sabunta su ba, ku tambaya, za ku tarar ushirin nan ne aka daina fitarwa.

ABIN DA YA RAGE GA MALAMI

Ku da za ku fita ku riƙe makarantu, wannan magana taku ce, gama a ƙauye malamin makaranta ne a kan fara tambaya in zancen littafi ya taso. In wani mai hali ya ce zai gina wa gari ɗakin karatu, ku yi masa godiya, sa'an nan ku zauna da shugabannin gari da na ƙaramar hukuma ku tambaya: wa zai biya albashi, nawa za a keɓe ko wace shekara don sababbin littattafai, wa za a tura ya koyo aikin, da wane harshe mutanen garin ke karatu, yaushe mata za su sami zuwa? Ba a fafe gora ranar tafiya. In kuwa ba mai ginin tukuna, kada ku zauna jira. Anderson bai gina kome ba, littattafai 400 gare shi da ranar Asabar. Akwati guda, da littafin rubuta sunayen masu aro, da rana ɗaya a mako wadda ba a saɓawa, sun isa a soma. Allah ya sa mu dace.

TAMBAYOYI

1. Faɗi alamu uku na ɗakin karatu na gari. Wace ce ɗakin Ikko na 1932 ya rasa?
2. In an ba gari dala 25,000 bisa sharaɗin Carnegie, nawa zai fitar cikin shekara 6?
3. Me Alvin Johnson ya tarar, wane canji kuma ya biyo baya?
4. Rubuta littattafai iri biyar waɗanda za ka fara sa wa cikin akwatin garinku, ka kawo dalilin ko wane.