Uwa da 'Ya: Kunya ko Ƙiyayya?

A littafin Toni Morrison mai suna God Help the Child (2015), Sweetness baƙar Amurka ce mai hasken fata, sai ta haifi 'ya baƙa ƙirin. Ba ta taɓa ta sai dole, ta kuma hana ta kiran ta uwa. Yarinyar, Lula Ann, tana shekara 8 ta yi wa wata malama shaidar zur a kotu, matar ta sha ɗaurin shekara 15, duk don uwar ta riƙe mata hannu.

Mu a Wuro Patuji, uwa ba ta faɗin sunan 'yar fari, ba ta wasa da ita a gaban mutane. Da Fillanci semteende muke cewa, wato kunya. Wani ɗalibin zai ce ai duk ɗaya ne. Ni ban yarda ba. 'Yar fari tana da kaka da gwaggo masu jan ta a jiki, kuma kowa ya san ma'anar wannan kawaicin. Lula Ann ba ta da kowa, uban ma gudu ya yi saboda launinta. Hujjar Sweetness kuwa wariyar launin fata ce, wai tana horar da yarinyar ne saboda duniyar da za ta tarar.