Ranar 3 ga Fabrairu a Tarihinmu

Kowane ɗan makaranta ya san ranar 1 ga Oktoba, domin ana ba da hutu, ana kuma yin maci. Amma akwai wata rana wadda ba a hutu, ba a maci, alhali kuwa ta shafe mu mutanen Kano ƙwarai da gaske. Wannan rana ita ce 3 ga Fabrairu. Abubuwa uku sun auku a cikinta a shekaru dabam-dabam, waɗanda in aka jera su za su nuna mana yadda mulki ke fita daga wannan hannu ya koma wancan.

Na farko ya auku ne a 1903. Ran 29 ga Janairu Kanar Morland ya taso daga Zariya da soja waɗanda ba su kai dubu ba, mafi yawansu baƙar fata, Turawan Ingila na jagorantarsu. Suka biyo ta Bebeji, maƙwabtanmu na yamma da Rano. Mutanen garin suka rufe ƙofa suka ƙi miƙa wuya, sai aka fasa ƙofar da igwa, sarkin garin ya rasu a wurin. Ran 3 ga Fabrairu suka auka wa Kano. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. Badalar nan da ta tsare birni shekaru aru-aru ba ta iya da igwa ba. Suka shiga ta Ƙofar Kabuga, Sarkin Shanu Muhammadu kuwa, wanda aka bar wa tsaron gari, ya yi ta yaƙi har aka kashe shi. Daga baya aka kama Alu aka kai shi Lakwaja, inda ya rasu a 1926, Gwamna Lugga kuma ya naɗa Wambai Abbas sarki. Tun daga nan Bature ke da ta cewa a kan sarauta da haraji.

Na biyu ya auku ne bayan shekara 57, nesa da mu, a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu. Ran 3 ga Fabrairu 1960 Firayim Ministan Ingila, Harold Macmillan, wanda ya riga ya ziyarci Gana da Nijeriya, ya tsaya gaban majalisar farar fata ta ƙasar ya gaya musu cewa iskar canji tana kaɗawa a Afirka, ko sun so ko sun ƙi. Watau jikokin waɗanda suka fasa badala sun yarda da bakinsu cewa zamaninsu ya zo ƙarshe. A shekarar nan ƙasashen Afirka 17 suka sami mulkin kai, har da Nijar da Nijeriya.

Na uku kuwa a 1976 ne. Ran 3 ga Fabrairu Shugaban Ƙasa Janar Murtala Muhammad, haifaffen birnin Kano, ya yi wa jama'a jawabi. Ya ƙara jihohi daga 12 zuwa 19. Jihar Arewa maso Yamma ta zama Sakkwato da Neja, ta Arewa maso Gabas ta zama Borno da Bauci da Gongola. Ya kuma ce za a ɗauke babban birnin ƙasa daga Ikko a kai shi Abuja, tsakiyar ƙasa, ƙaurar da aka cika a 1991. Ku duba fa, shekara 73 daidai bayan baƙi sun ci Kano da yaƙi, ga ɗan Kano yana tsara wa Nijeriya duka iyakokinta. Amma kwana goma kacal bayan haka, ran 13 ga Fabrairu, aka harbe shi a Ikko yana da shekara 37, aka kawo shi Kano aka binne. Allah ya jiƙansa.

To, 'yan'uwana ɗalibai, me za mu koya a nan? Alu yana da badala, Turawa suna da igwa, Murtala yana da soja, amma ba wanda mulki ya dawwama a hannunsa. Abin da ya rage shi ne aikin da kowannensu ya bari, mai kyau ko maras kyau. Wanda duk Allah ya ba shugabanci, ko da na aji ne ko na ɗakin kwana, ya tuna da wannan.

Akwai kuma aiki a gabanmu. Waɗanda suka ga zuwan Turawa duk sun riga mu gidan gaskiya, amma a Saji da Kibiya da Rano har yanzu akwai dattawan da suka ji labarin daga bakin kakanninsu, da waɗanda suka ji jawabin Murtala a rediyo da kunnensu. In mun je hutu mu zauna da su, mu rubuta abin da suka gaya mana tun kafin su ma su tafi da shi. Iyayenmu kuma muna roƙonku ku buɗe mana baki. Allah ya sa mu amfana, amin.